Littafin awon Baffa

A gidanmu na Riruwai akwai wani littafi mai baƙin bango, irin wanda akawunan kamfani suke rubuta awon kuza a ciki. Shafukan farko duk lissafin laba ne da sunayen masu wanki, na zamanin da rami ke ci. Daga tsakiya sai rubutun ya sauya: kwanan wata, sai lambobi uku a jere, Juma'a bayan Juma'a. Hannun da ya fara wannan jeri tsayayye ne, hannun wanda ya yi elementare a lokacin da ake bugun yatsa a kan baƙi ɗaya. Shafi goma sha biyu gaba, baƙaƙen sun soma kwantawa kamar dangar da ruwa ya ci gindinta. Daga shafi na ashirin rubutuna ne.

Littafin na Baffa ne, ƙanen mahaifina. Abin da yake aunawa kuwa jikinsa ne.

Awo ba baƙo ba ne a garinmu. Tun kafin Bature ya san hanyar Kano mutanen Riruwai suke wanke kuza a rafi, su narka ta, su zuba ta ta fito siri-siri kamar tsinken tsintsiya, fatake su ɗaure dami-dami su yi birni da ita. Wasu daga cikin masu narkawar suka yi ƙaura zuwa ƙasar Bauchi suka kafa Riruwain Dalma, shi ya sa tsofaffin takardun Turawa suke kiran namu Riruwain Kano. Irin waɗannan tsinkaye kamfanin Neja ya gani a kasuwa, ya tura wani Nicolaus a 1902 ya bi sawunsu, bin sawun da ya ƙare da mamaye tsaunukan Jos. Daga nan narkawa ta fita daga hannunmu, aka bar mu da diga da shebur da kwanon wanki, sai kuma sikeli. A gindin sikeli Baffa ya yi ƙuruciyarsa. Ya ga haƙar ramin da ya nutsa can ƙarƙashin dutse a shekarun 1970, ya kuma ga tsayawar aiki a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya karye a kasuwar Landan cikin Oktoban 1985. Bariki ya watse, ya koma noman masara kamar kowa. Amma akawu akawu ne. Ko buhun taki ya saya sai ya rubuta.

Da kakar 2011 ya kasa murɗa makullin sito. Ya ɗora laifin a kan tsatsa, aka zuba wa kwaɗon mai. Bayan mako biyu sai maɓallin wuyan riga ya gagara. Ranar da ya miƙo mini hannu mu gaisa na ga tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuni ta faɗa, ta zama kwari, damtsensa kuwa yana rawa shi kaɗai a ƙarƙashin fata, irin rawar da naman layya ke yi kafin ya huce. Babu ciwo, babu zazzaɓi, babu mutuwar ji. Ka tsikare shi da allura zai ji sarai. Ƙarfin ne kawai ke tsiyayewa.

A lokacin ina aikin lafiya a matakin farko, ina cikin masu yawo a babur ƙauye-ƙauye neman yaran da ƙafa ko hannu ya saki. Aikin yana da ƙa'ida mai tsauri: duk yaron da bai kai shekara goma sha biyar ba da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, a ɗauki bayan gidansa sau biyu, kwana ɗaya tsakani, cikin mako biyu da farawar abin, a sa a ƙanƙara a aika ɗakin gwaji na Badun ko Maiduguri, sannan a koma a duba shi bayan kwana sittin. Bayan rikicin 2003, da aka dakatar da rigakafi a Kano har zuwa tsakiyar 2004, duniya ta zuba mana ido da kuɗi. Yaro ɗaya ya gurgunce a bayan Falgore, kafin mako ya zagayo sunan ƙauyensu ya isa Abuja. Ga ni da wannan horo duka, ga dattijo a zauren gidanmu yana shanyewa a gabana, ba ni da fom ɗin da zan cika masa.

Hausa kalma ɗaya ta ba wa abubuwa uku: shanyewa. Shan inna yana kama yaro cikin 'yan kwanaki, ya ɗauki abin da zai ɗauka, ya tsaya. Shanyewar ɓarin jiki tana faɗa wa babba dare ɗaya, daga baya sau da yawa a ga ɗan ci gaba. Na ukun shi ne wanda ba mu raɗa wa suna ba, don ba shi da yawa: yana farawa a yatsa ko a ƙafa ko a harshe, ba ya gaggawa, ba ya kuma hutawa. Wani abin mamaki shi ne na farko da na uku gida ɗaya suke shiga. A cikin laka akwai ƙwayoyin jijiya da ke kai umarnin motsi ga tsoka. Su ƙwayar shan inna take kashewa, su ne kuma suke mutuwa sannu a hankali a ciwon Baffa, tare da 'yan'uwansu na ƙwaƙwalwa da ke ba su umarni daga sama. Likitoci suna taƙaita sunan da baƙaƙe uku, ALS. Ni ciwon jijiyar motsi nake ce masa.

Kakanninmu sun ɗora duk shanyewa a kan Inna, wadda 'yan bori suke kira Bafillatana, suke kuma kira Doguwa. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano dab da yaƙin Hitila, ya rubuta labarinta a littafinsa na 1946. Dacewar suna ce kawai da ƙaramar hukumarmu, amma ba ta hana abokan aikina na birni tsokanata ba. A gida kuwa ba a yi wasa da zancen ba. Gwaggo ta ce an taka wani abu a hanyar gona. Aka yi turare, aka sha rubutu, aka kira wanzami ya yi ƙaho a kafaɗa. Tsofaffin abokan aikinsa suka ce ruwan rami ne da ya sha shekara da shekaru, musamman da yake labarin gubar dalma ta Zamfara, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, bai huce ba. Masu bincike ma sun daɗe suna zargin dalma, ba a dai tabbatar ba. Kusan tara cikin goma na masu ciwon babu wanda ya taɓa yin sa a danginsu, kuma ba a kama dalili ɗaya tilo ba.

Sai da damina ta faɗi muka kai shi Kano. Wanda ya san hanyar ya san abin da ake nufi: ka keta Falgore, ka wuce Tudun Wada, ka ɓulla Kwanar Ɗangora, sannan ka kama titin Zariya ka nufi birni. Likitan ƙwaƙwalwa da jijiya da ya duba shi bai kai ni shekaru ba. Ya bugi gwiwarsa da 'yar guduma, ƙafar ta yi tsalle fiye da kima. Ya sa shi ya fito da harshe, ya daɗe yana kallo. Ya matsa kowace gaɓa yana rubuta lamba daga sifili zuwa biyar, awon da likitocin Ingila suka tsara a lokacin yaƙin duniya na biyu don sojojin da harsashi ya tsinka wa jijiya. Da ya gama ya kira ni gefe zai yi mini bayani da Turanci, Baffa ya ce a dawo gabansa.

"Likita, ba tambayar rana nake yi ba, wannan ta Mai ita ce. A wane awo yake tafiya?"

Likitan ya yi shiru, sannan ya ce, "Baba, ku dawo bayan wata uku. Abin da ya ci a wata ukun nan shi zai nuna mana yadda zai ci gaba da ci. Kowa da nasa saurin, amma mutum ɗaya yakan riƙe nasa."

"Ashe zaizaya ce," in ji Baffa. Wanda ya yi aikin rami ya san bangon da zai rufta bana da wanda zai kai baɗi, ba don yana duba ba, sai don ya sa kara ya ga abin da ruwa ya ci jiya.

Juma'ar da ta biyo baya ya sa aka ɗauko masa littafin daga ƙasan akwati. Lamba ta farko: kofi nawa na ruwa za a zuba a buta ya iya ɗaga ta da hannun dama. Ta biyu: sau nawa zai tsaya hutu tsakanin ƙofar gida da masallaci. Ta uku: ya ja numfashi ɗaya ya yi ta ƙirga, ɗaya, biyu, uku, har iska ta ƙare. Ranar farko shida ne, da sifili, da talatin da huɗu. Ni na koya masa ta ukun, don ko a asibiti ana yin ta inda babu na'urar busawa. Sauran biyun nasa ne.

Bayan rasuwarsa ne na shiga karatun tarihin abin, na tarar Baffa ya maimaita a zaurensa tafiyar da ta ci wa likitoci shekara ɗari da talatin. A Faris akwai wani tsohon gidan gajiyayyu, Salpêtrière, wanda asalinsa wurin harhaɗa albarushi ne, aka mai da shi matattarar dubban mata marasa galihu. Jean-Martin Charcot ya kama aiki a can a 1862. Dabararsa haƙuri ce: ya zauna da mara lafiya shekara da shekaru yana rubuta duk abin da ya sauya, in ta rasu ya buɗe laka ya ga inda ɓarnar take. Da haka ya ware wannan ciwo daga sauran shanyewa, ya fara bayaninsa a 1869, ya raɗa masa suna a 1874, ya kuma lura cewa yawanci ba ya wuce shekara uku. Har yau lissafin bai yi nisa da nasa ba. Akasari shekara biyu zuwa biyar ne, sai kamar ɗaya cikin goma da ke haura goma. Lou Gehrig, ɗan wasan Amurka da suke kiran ciwon da sunansa, an gano nasa a 1939, ya rasu a 1941. Stephen Hawking an gano nasa a 1963 yana ɗan shekara 21, bai rasu ba sai 2018. Tsakanin waɗannan biyu duk wahalar hasashen take.

Bayan Charcot an yi ta gwada awo iri-iri, da guduma, da allurar lantarki da ake soka wa tsoka, da na'urar busawa. Wanda ya zauna daram, wanda ake aiki da shi a duniya tun 1999, tambayoyi ne goma sha biyu kawai. Magana, yawu, haɗiya, rubutu, yanka abinci, sa tufafi da tsafta, juyi a gado, tafiya, hawa matakala, sai uku a kan numfashi. Kowace tambaya maki huɗu zuwa sifili, jimla 48. A matsakaici mara lafiya yana rasa kamar maki ɗaya a wata. Babu jini, babu hoto. Wato bayan duk wannan zagaye sai aka dawo ga tambayar mutanen gida: me yake iyawa yau wanda jiya ma ya iya, me kuma ya daina?

Wannan tambaya kuwa matanmu sun fi kowa sanin amsarta, ba a dai tambayarsu. A ƙasar Hausa mara lafiya yana da labari biyu. Akwai na zaure, wanda ake ba ɗan dubiya. "Yaya jiki?" "Da sauƙi." Ko mutum yana gargara amsar ke nan, kuma ba ƙarya ba ce, godiya ce da kyakkyawan zato. Sai kuma na madafa, wanda mai jinya take faɗa wa 'yar'uwarta da murya ƙasa-ƙasa. Yadikko, matar Baffa, ba ta taɓa riƙe biro ba, amma tana da tsaninta: tuwo da hannunsa, tuwo a baki, tuwon da aka dama da miya ya yi ruwa, fate, kunu mai kauri, koko. Ita ta fara lura cewa ruwa tsura ya fi kunu ƙware shi, abin da ke rubuce a littattafan likitoci. In ta ce wa Gwaggo "ya koma kunu," ta faɗi abin da maki biyu cikin huɗu ke nufi, har ma ta fi shi daidai.

Akwai wani tsanin da ya girmi aikin Charcot da shekara ɗari uku, kuma duk wanda ya yi makarantar zaure ya haddace shi. Ahalari, littafin da wani malamin Aljeriya ya wallafa a ƙarni na sha shida, ya jera halaye bakwai na sallar farilla ga mara lafiya: tsaye da kansa, tsaye da jingina, zaune da kansa, zaune da jingina, sannan kwance ta dama, ta hagu, da rigingine. A 2012 likitocin kwalejin King's ta Landan suka fitar da nasu matakan, bisa yawan sassan jiki da ciwon ya kama, har zuwa lokacin da ake bukatar bututun abinci ko na'urar numfashi. Tsari ne mai kyau. Amma a unguwarmu in ka ce "ya fara salla a zaune da jingina," babu tsohon da zai nemi ƙarin bayani. Baffa ya bi bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya kamar mai karanta babin da jikinsa, ya ƙare da nuni da ido. Ciwon nan yakan bar ido da ji da hankali, ga mafi yawan mutane, har ƙarshe. Ban yanke ba ko rahama ce ko ƙarin nauyi. Baffa ya ce rahama ce, shi kuwa ya fi ni sani.

Da na gwada cika masa tambayoyin nan goma sha biyu na ga an ɗinka rigar ne a jikin wani. Ana tambayar yanka abinci da wuƙa da cokali mai yatsu, mu kuwa loma muke yankowa. Ana tambayar matakala, alhali duk gidanmu tudun da ya fi tsawo dakalin ƙofa ne. Ana tambayar gyara mayafi a gado. Ba a tambayi tsuguno ba. Wanda ya yi jinyar babba a ƙauye ya san ranar da tsuguno ya gagara ita ce ranar da gida ke juyewa: wa zai riƙe shi, wa ya halatta ya gani, wa zai bar gona ya zauna. Ba a tambayi alwala ba, ba a tambayi jan carbi ba. Na rubuta waɗannan a gefen takardar da fensir na kai wa likitan, ya yi dariya ya ce nawa sun fi amfani.

Kada a ɗauka mu a Najeriya ba mu taɓa sa hannu a wannan ilimi ba. A 1974 Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun na asibitin jami'ar Badun, da abokan aikinsa Adeuja da Bademosi, suka buga bincike a mujallar Brain a kan makomar masu wannan ciwo, bayan sun bi mutum 92 tsawon shekaru. Sun ga yana kama mutanenmu da ƙuruciya fiye da Turawa, yana kuma jan lokaci fiye da yadda littattafan Turai suka ce. An daɗe ana kafa hujja da wannan aiki. Ina girmama shi, amma ina da zato a kai, zaton wanda ya san hanyar Falgore da damina: wanda nasa ke gudu ba ya isa asibitin koyarwa, a gida ake binne shi da sunan wani ciwon. Masu jan lokaci su ne likita ke gani. A 2019 wani bincike da ya tattara mutum 185 daga ƙasashe takwas na Afirka ya nuna rabinsu ba su wuce wata goma sha huɗu bayan gano ciwon ba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ya sami riluzole, maganin da aka amince da shi a Amurka tun 1995, wanda shi ma wata biyu ko uku yake ƙarawa. A Turai ciwon yana kama kamar mutum biyu cikin dubu ɗari a shekara. Ƙidayar 2006 ta ba Doguwa mutum kimanin dubu 150. Ko da mun rage saboda yawancinmu yara ne, a shekarun aikina ya kamata in ci karo da fiye da Baffa kaɗai. Sauran suna cikin ɗakuna, ana ce musu Inna ta taɓa su.

Hasashe na zamani ya koma hannun kwamfuta. A 2018 gamayyar likitocin Turai, bisa jagorancin na Utrecht a Holan, suka zuba bayanan mutum fiye da dubu goma sha ɗaya, suka fito da ma'auni mai duba abu takwas, daga ciki akwai shekarun mutum, da inda ciwon ya fara, da ƙarfin huhu, da saurin faɗuwar maki, da wani lahani na gado da aka gano a 2011. Yana kasa mutane gida biyar, daga masu kamar shekara ɗaya da rabi zuwa masu haura bakwai. Da suka gwada shi da bayanan Hawking na 1963 ya ba shi kashi 94 cikin ɗari na haura shekara goma. Bai ce hamsin da biyar ba. Yanzu kuma ana auna ɓurɓushin jijiyar da ta mutu a cikin jini, yawansa ya nuna gudun ciwon. Duk wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai ɗaya daga cikin abubuwa takwas ɗin shi ne tsawon lokaci tsakanin alamar farko da ranar da likita ya gano ciwon. A Holan in mutum ya yi jinkirin zuwa, alama ce nasa mai tafiyar hawainiya ne, sai kwamfuta ta ƙara masa kwana. A Riruwai jinkiri yana nufin ba a sayar da masara ba tukuna, ko ana jiran a ga aikin turaren Gwaggo. Kwamfutar za ta yi mana albishir da talaucinmu.

Limamin unguwarmu bai ji daɗin littafin ba. Ya zo dubiya ya tarar ana zuba ruwa a buta ana ƙirga, ya ce, "Alhaji, wannan ba leƙen gaibu ba ne?" Baffa, da muryarsa ta riga ta soma fita ta hanci, ya ce, "Allah gafarta Malam, a Muhtasar wa aka ce ya faɗi ciwon da ake tsoro?" Malam ya yi murmushi, don ya san inda aka nufa. Muhtasar na Halilu, littafin da alƙalan ƙasar Hausa suka yi ɗaruruwan shekaru suna hukunci da shi, ya taƙaita wa mai ciwon da mutuwa ta yawaita a cikinsa ikon kyauta da dukiyarsa, ba zai wuce sulusi ba, ya kuma bar wa masana magani su faɗi wane ciwo ne irin wannan, har ya kawo misali da tarin fuka. Risala ta hana irin wannan majiyyaci ɗaura aure, ta ce in ya saki mace a cikin ciwon ya mutu, za ta gaje shi. Ashe shari'a da kanta ta nemi a yi hasashe tun da daɗewa, don haƙƙin magada da na mata ya rataya a kansa. Ranar ce ba a sani ba. Alkibla kuwa an yarda a duba, kamar yadda manomi ke duban gabas ya ce a kwashe shanya.

Da watan azumin 2013 Baffa ya sa na karanta masa lambobin daga farko. Buta ta daɗe da komawa sifili. Masallaci an daina zuwa. Numfashi ya sauko daga talatin da huɗu zuwa ashirin da ɗaya, kusan ɗaya a wata, ba tsalle. Ya rufe ido yana lissafi, leɓensa na motsi.

"Ɗan nan, harshen nan ba zai kai wata daminar ba. Buɗe farkon littafin."

Na buɗe shafukan kuza, waɗanda na sha wucewa ban kula ba.

"Ka ga ɗigon ja a gefen wasu sunaye?"

Na ga su. Goma sha bakwai ne.

"Na tauye musu awo. Rabin laba, laba ɗaya. Heluma ya ci, ni ma na ci. Na sa ɗigon ne don in biya, shekara talatin ina cewa baɗi."

Ya sa aka sayar da sa ɗaya da buhu goma sha biyu na masara. Ya tambayi kuɗin kuza a hannun masu saye na yanzu, ya ce da shi za a biya, ba da na da ba. Ya yi mini bayanin kowane suna a waya na naɗa, wance matar wane ce, wane mutumin Saminaka ne, wane ɗan Ningi ne da ya auri 'yar gari. Sauran al'amuransa ma a watannin nan ya kammala su: ya aurar da autarsa ya karɓi sadakin da bakinsa, ya nuna iyakar gonar fadama a gaban shaidu, ya faɗi wanda yake so ya yi masa wanka. Harshen ya riga damina tafiya da wata biyu. Amma maganar ta riga ta fita.

Na yi wata bakwai ina neman masu ɗigon ja a kan babur ɗin da nake neman yaran shan inna. Na sami goma sha ɗaya, su ko magadansu. Kowace Juma'a, bayan mun yi ƙirgar numfashi, wadda ta koma tara, ta koma bakwai, sai in karanta masa sunan da aka soke, ya lumshe ido sau ɗaya. Na mutum shida da suka ɓace Malam ya ce a yi musu sadaka da niyyarsu. Baffa ya rasu a kakar 2014, da asuba, a kwance ta dama, 'yan watanni bayan yaron ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a jihar Kano, a Sumaila, cikin watan Yuli.

Ta goma sha ɗayan wata tsohuwa ce a Daɗin Kowa, na same ta tana sussukar masara a tsakar gida. Na yi sallama, na faɗi ko ni ɗan wane ne, na miƙa mata kuɗin a ƙulle na ce na laba ɗaya da rabi ne na shekarar 1983. Ta juya ƙullin a hannu ba ta kwance ba. Ta ce ai tun ranar ta sani, mace ba ta ɗauko kwano a ka daga rafi har bariki ta kasa sanin nauyinsa, yaron ne dai ta ga yana da iyali. Ta tura ƙullin cikin lalitarta, ta sa aka kawo mini ruwa.

"To, yaya jikin nasa?"

Na ce, "Da sauƙi, Iya."